Tafiyar da Aka Shirya wa Hanatu

Mahadi ne ya fara kawo maganar, ranar da ya zo Tsafe duba Inna bayan ƙaramar Sallah. Ya tarar da yayarsa Hanatu a tsakar gida tana shanya zannuwan gadon mahaifiyarsu, ɗankwalinta ya zame, hannuwanta sun yi fari saboda omo. Ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Yaya, kin rame fa."

"Azumi aka gama," in ji ta.

"Wannan ba ramar azumi ba ce. Yaushe rabonki da ki kwana wani wuri da ba gidan nan ba?"

Hanatu ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da matse zani. Shekara biyar ke nan tun da ɓarin jikin Inna ya shanye. A lokacin Hanatu tana koyarwa a wata firamare a Bungudu, mijinta Shu'aibu bai daɗe da rasuwa ba, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Da aka zauna shawarar wanda zai kula da Inna, maganar ba ta yi tsawo ba. Mahadi yana Abuja, yana aiki da wani kamfanin gine-gine. Autarsu Nana Khadija tana aure a Gusau da yara uku. Hanatu ce babu abin da ya riƙe ta. Ta ɗauki hutun aiki, ta ƙara wani a kai, daga baya ta ajiye aikin gaba ɗaya.

Tun daga nan ita ce ɗaga Inna, ita ce juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ita ce dama kunu da ba ta a baki da cokali, ita ce wanka da alwala da gyara shimfiɗa idan ta ɓaci. Harshen Inna ya yi nauyi, ba kowa ke gane maganarta ba, don haka Hanatu ce ke faɗa wa 'yan dubiya abin da ta ce. Mahadi kuwa ba za a ce bai yi ba. Shi ya sayo gadon asibiti da keken turawa, shi ya sa sola a gidan, magani bai taɓa yankewa ba. Nana Khadija tana leƙowa da kular farfesu, ta yi awa biyu ko uku, ta juya kafin la'asar saboda hanyar ba ta da tabbas idan yamma ta yi.

Mahadi ya jawo kujera, ya zaro waya, ya ce ta zo ta gani. Hotuna ne na wani wuri da kamfaninsu ya kai su taro bara. Ruwa shuɗi har ƙarshen gani, yashi fari kamar garin rogo, itatuwan kwakwa sun sunkuya kan ruwan.

"Zanzibar ke nan," in ji shi. "Tsibiri ne a Tanzaniya. Musulmi ne mutanen, kiran sallah ko'ina, abincinsu babu abin tsoro. Yaya, wallahi can zan kai ki. Mako guda. Ki kwanta ki yi barci har ki gaji da barcin."

"Inna fa? In saka ta a jaka?"

Nan take ya kira Nana Khadija, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Nana ta yi ihun murna. "Kai, Yaya Mahadi, Allah ya saka! Ai Yaya Hanatu ta fi kowa cancanta. Ni zan zo in zauna da Inna. Mako guda ai ba komai ba ne. Uwata ce fa ni ma."

Hanatu ta juya. Ta koma ta ƙarasa shanyarta. Amma da Mahadi ya tafi, ta sami kanta tana buɗe hotunan da ya tura mata, tana ƙara musu girma da yatsu biyu.

Aka tsayar da lokacin hutun makaranta na ƙarshen shekara. Mahadi ya buɗe guruf a WhatsApp, ya sa masa suna Hutun Yaya. Mutum huɗu ne a ciki: shi, matarsa Mansura, Nana Khadija da Hanatu. Shirin shi ne Hanatu ta tafi tare da Mahadi da Mansura, su tashi daga Abuja. Ya turo otal-otal guda uku, ya ce Yaya ce za ta zaɓa, tunda tafiyarta ce.

Ba ta ɗauki zaɓen da wasa ba. Idan ta ba Inna maganin hantsi, Inna ta ɗan runtsa, sai ta zauna a bakin ƙofa ta shiga karatu. Ta karanta abin da baƙin da suka taɓa sauka suka rubuta game da kowane otal. Ɗaya an ce akwai kiɗa da shaye-shaye har gari ya waye, ta cire shi. Ɗaya an ce idan ruwa ya janye sai an yi tafiya mai nisa cikin laka kafin a taɓa teku. Na ukun ne ya kwanta mata. Ɗakuna ne daban-daban masu rufin ganyen kwakwa, kowanne da baranda mai kallon ruwa da ɗan wurin ninkaya nasa, an kewaye shi yadda ba mai ganin mutum. Ta rubuta a guruf cewa rufin kamar na bukkokin ƙauyen Bilbis ne, sai dai su nasu an sa musu na'urar sanyi. Kowa ya turo fuskar dariya.

Ta gano akwai kwalekwale mai gindin gilashi da ake shiga a ga kifaye a ƙasa. Ta gano akwai gonakin kanumfari da kirfa da ake kai baƙi su zaga. Ta tsara abin da za a yi kowace rana, ta bar kwana biyu fanko, ta ce waɗannan na barci ne. Mansura ta turo mata rigar shiga ruwa irin mai rufe jiki duka har kai. Hanatu ta gwada ta a ɗaki, ƙofa a kulle, ta kalli kanta a madubi, ta toshe baki don kada dariyarta ta tashi Inna.

Ranar da za ta je Gusau yin fasfo, maƙwabciyarsu Hajiya Jummai ce ta zauna da Inna. Hanatu ta shiga motar haya da safe. Da suka zo daidai Kwatarkwashi ta bi babban dutsen garin da kallo har ya ɓace, ta tuna ƙawarta Amina da suka yi koyarwa tare tana garin, ta ce a ranta idan ta dawo za ta kawo mata kanumfari. A Gusau aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta, ta je aka yi mata allurar shawara aka ba ta katin. Ta biya kasuwa ta yanki atamfa biyu da yadi mai sauƙi. Da tela ya tambaye ta biki za a yi, ta ce a'a, tafiya za ta yi. Ya ce Umara? Ta ce a'a, bakin teku. Ta ji daɗin faɗin kalmar.

Saura wata guda, Hanatu ta ce Nana Khadija ta zo ta yini, ta koyi yadda ake yi. Nana ta zo da leshi a jikinta da zobba a yatsu. Da farko abin ya tafi daidai. Ta ba Inna kunu, ta goge mata baki, tana yi mata hira. Da azahar Inna ta ɓata shimfiɗa. Hanatu ta nuna mata yadda ake juya ta gefe guda a naɗe zanin, a goge, a shafa mai, a juya ta ɗaya gefen. Nana ta fara, ta kai rabi, sai ta saki ta fita da gudu. Hanatu tana jin kakarin amanta a bakin magudana. Ta ƙarasa aikin ita kaɗai.

"Zan saba," in ji Nana da ta dawo, idanunta sun yi ja. "Warin ne ya zo mini ba shiri."

"Za ki saba," in ji Hanatu. "Ni ma haka na fara."

Bayan wannan ne abubuwa suka fara sauyawa, a hankali, ba tare da kowa ya faɗi wata magana marar daɗi ba. Mansura ta ce yaransu biyu sun ga hotunan sun tada rigima, ba yadda za a bar su. Aka ƙara su. Sai Alhaji Attahiru, mijin Nana Khadija, ɗan kwangila ne mai son a san da shi, ya ga hoton otal ɗin a wayar matarsa. Ya kira Mahadi ya ce ashe irin wannan tafiya ake shiryawa ba a gaya masa ba? Shi ma zai je da iyalinsa, kuma shi zai ɗauki nauyin kwalekwale da motar da za ta riƙa yawo da su. Wata safiya Hanatu ta buɗe waya ta ga mutanen guruf sun ƙaru, sunan kuma ya koma Hutun Iyali.

Ta kira Mahadi. "Idan Nana za ta tafi, wa zai zauna da Inna?"

"Kada ki damu, Yaya. Nas za a ɗauka, ƙwararriya. Ai ta ma fi Nana iyawa. Kin ga sai mu tafi dukkanmu, mu uku, kamar muna yara."

Aka samo nas daga Gusau, mace mai hankali. Ta zo gwaji. Inna ta kalle ta sau ɗaya ta juya fuska bango. Ta datse baki, ba kunu ba magani, har sai da Hanatu ta karɓi cokalin. Nas ɗin ta yi haƙuri ta sake dawowa, haka aka sake yi. A ƙarshe ta ce ko da tsohuwar ta yarda, ita mijinta bai yarda ta kwana Tsafe ba, sai dai ta zo da safe ta koma da rana. Aka tambayi likitan Inna ko za a iya tafiya da ita. Ya ce mai irin wannan hawan jinin ba ta hawa jirgi. Hajiya Jummai ta ce yini guda za ta iya, amma mako guda bayanta ba zai ɗauka ba.

Saura kwanaki kaɗan Mahadi ya zo Tsafe, Nana ma ta zo. Suka taru a ɗakin Inna, shi a kan kujera, Nana a bakin gado tana matsa wa Inna ƙafa, Hanatu a tsaye jikin ƙofa. Mahadi ya daɗe yana zagaye-zagaye. Ya ce an riga an kama ɗakuna, an yanki tikiti, yara sun sa rai. Ya ce dole dai ɗaya daga cikin mata biyun ta zauna. Nana ta sunkuyar da kai, ta ce ita kam ta so zama, amma Alhaji ya ce ba zai yi tafiya da yara uku babu uwarsu ba, kuma Yaya ta san halin Alhaji.

"Ke kika ce za ki zauna," in ji Hanatu. "A gaban Mahadi kika faɗa."

"Na faɗa, Yaya. Ban san Alhaji zai shigo ciki ba."

Sai Inna ta motsa. Ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta fara magana, kalmomin suna fita a cakuɗe, miyau yana bin gefen bakinta. Ta daɗe tana yi. Mahadi ya matso ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya juyo wurin Hanatu kamar yadda kowa ya saba.

"Me ta ce, Yaya?"

Hanatu ta ji komai tun kalmar farko. Ba wanda ya gane a ɗakin sai ita. Da ta ce Inna ruwa take so, da sun yarda. Ta zo ta goge wa Inna baki da gefen zani, sannan ta miƙe.

"Cewa ta yi, Nana ta tahi, ɗiya sun gajiyad da ita. Ta ce ni ba miji ba ɗa, gajiyar mi nika yi."

Inna ta gyaɗa kai, alamar haka ta ce. Nana ta fara hawaye. Mahadi ya ce, "Haba Inna," a hankali, amma bai ƙara komai a kai ba. Can ya ce tikitin Yaya ba zai lalace ba, za a ɗage shi zuwa wani lokaci, kuma wallahi shi da kansa zai sake shirya mata wata tafiyar. Ɗakin da ta zaɓa wa kanta, mai baranda a ƙarshen layi, za a ba manyan yaran. Ya tambaye ta ko za ta turo masa tsarin nan da ta yi na kowace rana, don ya fi nasa kyau.

Ta tura masa kafin ya fita daga gidan.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi aikinta yadda ta saba, sai dai ba ta yi wa Inna hira. Tela ya aiko da ɗinkuna, ta saka su ƙasan akwati ba ta buɗe ledar ba. Guruf kuwa ba ya shiru. Wace irin jaka ake shiga da ita jirgi, wane man shafawa ne na rana, wa zai ɗauko su daga filin jirgi. Su Nana za su bar Gusau ranar Alhamis da safe zuwa Abuja.

Ranar Laraba da hantsi Hanatu ta yi wa Inna wanka, ta saka mata kaya masu kyau. Ta haɗa magunguna, zannuwa, garin kunu da robar shimfiɗa. Ta ɗauki shatar mota, direban da wani maƙwabci suka taimaka aka saka Inna a baya, aka naɗe keken aka saka a but. Inna tana ta tambayar ina za a je. Hanatu ta ce gidan Nana.

Ta tarar da falon Nana cike da akwatuna a buɗe, yara suna tsalle a kan kujeru da tabarau na shiga ruwa. Nana ta fito da riga a hannu, ta ga keken Inna a tsakiyar falonta, ta tsaya cak.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Na kawo miki Inna. Farin maganin da safe ne bayan kunu, jan da yamma. Ki riƙa juya ta kafin kowace sallah."

"Yaya, gobe za mu tafi fa!"

"Ke kika ce za ki zauna da ita mako guda. Ni ban fasa hutuna ba. Tekun ne kawai ba zan gani ba."

Alhaji Attahiru ya fito daga ɗakinsa yana tambayar hayaniyar mece ce. Hanatu ta gaishe shi da ladabi, ta durƙusa ta gyara wa Inna mayafi, ta fita. Tana jin Nana tana kiranta har bakin get. Ba ta waiga ba. Ta wuce har titi.

Kwatarkwashi ta nufa, gidan Amina. Amina ta yi mamakin ganinta, ta rungume ta, ta ga fuskarta, ba ta yi tambaya ba. Ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗaki, ta kawo fura. Hanatu ta kashe waya, ta sha furar, ta kwanta da niyyar ta ɗan miƙe baya. Ba ta farka ba sai da aka kira la'asar. Ta yi sallah, suka zauna suna ɓare gyaɗa, Amina tana ba ta labarin malaman da suka yi aiki tare, wa ya yi ritaya, wa ya koma siyasa. Hanatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga tsakar gidan ana hango dutsen, shaho biyu suna shawagi a kansa. Ta ce wa Amina mako guda za ta yi. Amina ta ce ko wata guda ne.

Washegari da hantsi ta kunna waya don ta ga lokaci. Kiran Hajiya Jummai ne ya fara shigowa.

"Hanatu, kina ina? An maido Inna hwa. Tun da sassahe direban Alhaji ya kawo ta, shi da wata mai yi musu girki. Sunka aje ta bisa gado, direban ya juya. Matar ga ba ta san komi ba, kuka takai. Inna ba ta ci ba, ba ta sha magani ba, kuma tun jiya ba a canza mata ba."

"Su Nana fa?"

"An ce sun kama hanyar Abuja."

Hanatu ta zauna riƙe da wayar. Amina da ta ji komai ta ce, "Ki kira Mahadi. Ki ce masa ba za ki koma ba, su san yadda za su yi."

Ta kira. Ya ɗauka, muryarsa a sama. Ya ce abin da ta yi jiya bai dace ba, ta kunyata Nana a gaban mijinta, ta jigata tsohuwa a hanya kamar kaya. Ya ce shi yanzu yana tsakiyar shiri, me take so ya yi? Ya fasa wa mutum tara tafiya? Ya ce ta yi wa Allah ta koma gida, idan sun dawo za a zauna.

Ta ninke zanin da ta kwana da shi, ta yi wa Amina sallama.

Tun daga zaure ta ji warin. Mai girkin tana tsaye a tsakar gida, ta rufe hanci da mayafi, da ganin Hanatu ta fara rantsuwa cewa ita ba ta san abin da za a kawo ta yi ba ke nan. Hanatu ta ce ba laifinta ba ne, ta sallame ta. Ta ɗora ruwa. Da ta juya Inna ta ga fatar ƙugunta ta yi ja, ta fara salewa, abin da ba ta taɓa bari ya faru ba tsawon shekarun nan. Ta wanke, ta shafa magani, ta canza shimfiɗa, ta dama kunu. Inna ta buɗe baki ta karɓa, cokali bayan cokali, tana kallonta. Da ta ƙoshi ta ce wani abu. Hanatu ta gane. Cewa ta yi kunun ya yi ruwa.

Hotuna suka fara shigowa ranar Asabar. Yara a cikin ruwa. Mansura da Nana a baranda da kwakwa a hannu an soka mata tsinken sha. Alhaji Attahiru a cikin kwalekwale yana nuna kifi ta gilashi. Sun bi tsarinta kamar yadda ta rubuta, har gonar kanumfari ranar da ta sa. Mansura ta rubuta, "Yaya, zaɓinki ya yi, wallahi wurin nan aljannar duniya ne." Hanatu ta fita daga guruf ɗin. Mahadi ya mayar da ita. Ta sake fita.

Da suka dawo ba a yi zaman da aka ce za a yi ba. Mahadi ya aiko da tsaraba ta hannun direba, zannuwa masu rubutu a baki da ƙullin kayan ƙamshi. Nana ta ɗauke ƙafa daga Tsafe na wani lokaci, da ta dawo zuwa kuma sai ta gaida Inna, ta ajiye kula, ta yi wa Hanatu gaisuwar baƙi. A cikin dangi labarin da ya zaga shi ne Hanatu ta kwashi uwarta marar lafiya ta jibge a gidan suruki ta yi tafiyarta. Wata gwaggonsu ta zo takanas daga Nahuce don ta yi mata nasiha a kan haƙƙin iyaye. Hanatu ta saurara har ta gama, ta kawo mata abinci.

Gyambon ƙugun Inna bai warke da wuri ba. Ya ɗauki watanni ana wankewa ana ɗaurewa, kuma daga nan jikinta bai ƙara komawa daidai ba. Ta rasu farkon damina, da rana, kanta a kan cinyar Hanatu, ana tsakiyar ba ta ruwa.

Gidan ya cika da 'yan gaisuwa. Maza a ƙofar gida suna yaba wa Mahadi, yaron da bai bar uwarsa ta nemi komai ta rasa ba. Mata a ciki suna rarrashin Nana da ke kuka har tana shiɗewa. Hanatu tana madafa tana lura da tukwane, don ita ta san inda komai yake.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, Mahadi ya same ta tana kwance gadon asibitin don a ba wani maƙwabci da ke buƙata. Ya zauna a bakin taga. Ya ce Allah ya saka mata, ba wanda zai iya biyanta. Ya ce bai kamata ta zauna ita kaɗai a gidan nan ba, ga halin da gari yake ciki. Ya ce shi da Mansura sun yi shawara, ta dawo Abuja wurinsu, akwai ɗaki. Mansura tana da juna biyu, likita ya ce ta rage aiki, ga yara ga makaranta, kuma ba su son mai aiki baƙuwa. Idan ɗan'uwa ne a gida hankali ya fi kwanciya.

Hanatu ta ci gaba da kwance ƙusar da ke hannunta har ta fita.

"Na yi magana da wata makaranta a Bungudu," in ji ta. "Suna neman malamar aji uku. Ranar Litinin zan fara."

"Yaya, a shekarunki? Me za su ba ki? Ki zo ki huta mana."

Ta ɗago ta kalle shi. Ya kawar da kai.

"Kama mini wancan gefen," in ji ta. "Yana da nauyi."

Ya tashi ya kama, suka fitar da gadon tsakar gida.